Ba Maƙwabci a Jerinsu

Gumel, Laraba da dare.

Kaina kamar zai tsage. Da asuba Malam Hadi maƙwabcina ya rasu, kafin hantsi mun kai shi makwancinsa. Zuwa azahar danginsa daga Damagaram sun cika gidan, tsofaffi da mata, ba wurin kwana. Ga ɗakuna biyun da nake bayarwa haya ta manhajar waya, a share, jikin katangarsu. To, in kulle in sa makulli a aljihu?

Na kira baƙon da ya kama ɗakunan, wani falke da zai ci kasuwar Maigatari gobe. Ya ce, "Allah ya jiƙansa, Alhaji. Ba komai, na sauka wajen abokina." Sai na soke hayarsa a manhajar, na buɗe wa dangin mamacin ɗakunan.

Kafin la'asar saƙon kamfanin manhajar ya shigo. Sun cire gidana daga idon masu nema, wai na saɓa ƙa'ida. Da na kira su, ma'aikaciyar ta ce, "Ka yi haƙuri, ranka ya daɗe. Sai ka turo takardar shaidar rasuwa, kuma dole mamacin ya zama danginka na kusa." Wace takarda? Mutum ya cika a kan tabarmarsa!

Fom ɗin da suka turo min in cike dangantakarmu da mamacin yana gabana tun ɗazu. Uba, uwa, mata, ɗa, ɗan'uwa. Ba maƙwabci. Mutumin da ya raɗa wa 'ya'yana suna, ya riƙe min gida shekarar da na kwanta jinya.

Na danna "ɗan'uwa". Su zo Gumel su ce min ƙarya na yi.