Sunana a Takardar Gidan Baba

Birnin Konni, Lahadi, uku ga Nuwamba

Zuwa ga ƙanena Abdurrazak, a Yamai.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

"Yaya, muddin ina da rai, ba sunan da zai hau takardar gidan nan sai naki." Kai ka faɗa, ranar Sallar layya, ƙarƙashin darbejiyar tsakar gida, hannunka duk maiƙon hantar da na soya maka. Na fara da maganarka ne don kada ka ce ta shige maka. Amma Inna ba ta koya mana shiga zance babu gaisuwa ba, saboda haka ina gaishe ka, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Zulai da yara. Mu nan sai godiya. Ƙafar Baffa Isiyaku ta yi sauƙi, har ya koma zuwa masallaci da kansa. An kawo geron gonar Tsarnawa, ya yi kyau, wake ne dai tsutsa ta raba da mu. Yaran gida su ashirin da shida duk lafiya lau, kuma kowa ya koma lakwal karatu.

Bari in tuna maka abin da ka sani, tunda na ga alama zaman Yamai yana sa mantuwa. Shekara goma sha bakwai ke nan da na ajiye alli, na bar aikin koyarwa, na buɗe gidan Baba ga yaran da ba su da inda za su sa haƙarƙari. Da uku na fara. Wasila ƙanwarmu tana Malbaza a lokacin, ba ta zo ta zauna da mu ba sai shekara uku da suka wuce. Da hukuma ta sabunta ƙa'idojin gidajen renon yara, aka ce kowane gida ya sake neman takardar izini, ya tura mutum guda garin Tawa horo na kwana goma, kuma sunan wanda ya je shi za a rubuta a matsayin shugaba, na yi murna. Na ce Allah Ya rufa asiri, tunda ƙungiyar da ke shirya gidajen don karɓar sababbin ƙa'idojin ita ce wadda ƙanena ke aiki a ciki.

Sai ranar da ka kira waya. Muna zaune da Wasila muna tsince shinkafa, ka ce in buɗe murya ta ji, ka tambaya sunan wa za a sa. Na ce a sa na Wasila, ita ce mai sabon karatu, ni tsohuwa me na sani. Ka ce, "To shi ke nan, Yaya," ka kashe. Abdurrazak, a wane gida ka girma? In baƙo ya ce ya ƙoshi, Inna ɗauke kwano take yi? Da aka ba Baba limancin unguwa, sau nawa ya ce bai cancanta ba kafin ya shige gaba? Sau uku, kana wurin, kai ke riƙe masa buta. Babbar mace ba ta cewa a sa sunanta a gaban ƙanwarta, kara ce, kowa ya san ta. Ni na yi nawa. Naka shi ne ka ce haba Yaya, in sake ƙi, ka rantse, in ce to tunda kun matsa. Ba ka yi ba. Wasila kuwa ta ce haba Yaya sau ɗaya, can ƙasan maƙoshi, idonta na kan faranti, ta ci gaba da tsintar tsakuwa. Na jira ka sake kira har sati ya zagayo. Abin da ya iso shi ne takardar gayyata da sunanta.

Ta tafi Tawa, ta dawo da jaka mai tambarin ƙungiyarku, da igiyar awo irin ta tela, da takardar shaida wadda ta kai aka sa wa gilashi ta rataye a buro, ofishin gidan, daidai ƙusar da hoton Baba yake. Hoton ya koma gefen taga. Tun daga ranar take zagaya gida tana auna tsakanin gado da gado. Ta sa an rufe rijiya da murfin ƙarfe, ta kulle magunguna a akwati, ta rataye jan tulun kashe gobara a bakin madafa, ta raba ɗakin manyan ƴan mata da na ƙanana. Ba zan yi mata ƙarya ba, duk daidai ne, rijiyar ma tun tuni ya kamata in rufe ta. Abin da ke ci mini rai shi ne yadda take yi mini bayani, a hankali, kalma bayan kalma, kamar ba ni na koya mata haɗa baƙi ba. Na ari littafin ƙa'idojin, shafi arba'in da ɗaya, na karance shi sau biyu da fensir a hannu. Wuri biyu na tarar ta fahimta a baibai. Na nuna mata, ta ce ai ba haka mai horon ya ce ba. Wato yanzu abin da aka faɗa a ɗakin da ban shiga ba ya fi abin da ke rubuce a gabana.

Mai unguwa ya zo rannan, ya same ni a zaure, muka gaisa, ya tambaye ni ko Madam tana ciki. Mutumin nan ni ya kawo wa yara biyar da hannunsa. Na ce tana ciki, na shiga na kira masa ita. Wannan na haɗiye shi. Na Husna ne ya ƙi wucewa. Ka tuna ta, ƴar da aka kawo mini tana wata bakwai, bayan motar da ta kife da uwarta a hanyar Tsarnawa. Shekara shida a ɗakina take kwana. Ƙa'ida ta ce kowane yaro da gadonsa a ɗakin yara, to na yarda, da hannuna na kai mata bargonta. Ranar Juma'ar da ta wuce na shimfiɗa tabarma, na fito da mataji da man kitso kamar kullum, sai na hango ta zaune tsakanin ƙafafun Wasila, an riga an tsefe mata rabin kai. Da Husna ta gan ni ta ce, "Inna, an ce yanzu Anti ce mai gida, ke hutawa kike yi." Na ce haka ne, na naɗe tabarmata.

Kishi nake yi. Ga shi na rubuta, don kada ka wahalar da kanka kana neman wani suna mai daɗi. Ina kishin ƙanwata da muka sha nono guda, ina kishin jakarta da igiyar awonta da kwana goman da ta yi ana kiranta shugaba. Na kai shekara hamsin da biyu ban san ina da wannan ciwo ba sai da ka tono shi. Na yi istigfari, bai tafi ba.

Kuma ka san abin dariya? Sabuwar ƙa'ida ta ce kowane yaro sai an buɗe masa dosiye: takardar haihuwa, garinsu, danginsa da suka rage, ranar da ya zo da wanda ya kawo shi. Wasila ta dawo da takardun cikewa dami guda, ba ta san abin da za ta sa a ciki ba. Kullum bayan la'asar sai ta zo ta zauna gabana da biro. Ni ke faɗa mata cewa kakar Mubaraka tana wani ƙauye bayan Illela, cewa Hakim ba maraya ba ne, ubansa yana raye a ƙetaren iyaka, cewa ranar haihuwar da ke takardar Yusuf kintace ce. Ni ke faɗa, ita ke rubutawa, in an gama ta sa hannu a ƙasa inda aka rubuta shugaba. Mun yi goma sha tara, saura bakwai.

To ga abin da na gano a shafi na talatin da uku, wanda ina zaton kai ma ba ka kai can ba. Ana iya sauya sunan shugaba kafin masu duba gida su zo, in ƙungiyar da ta gabatar da gidan ta rubuto, kuma sabon mutumin ya yi horon. Akwai zagaye na biyu a Tawa ranar sha takwas ga wata, za a rufe rajista Alhamis, sha huɗu. Ban ce a kori Wasila ba. Ta zama mataimakiya, ta ci gaba da awonta, ta iya shi. Yau ba kara, ba kunya, sau ɗaya zan faɗa kuma da gaske nake: sunana nake so a takardar gidan Baba.

Ka gaishe mini da Zulai, ka ce na ga turaren, Allah Ya saka. Ka shafa mini kan Awal da ƙaramar Hafsat. Baffa Isiyaku yana gaishe ku. Wasila ma ta ce in gaishe ka, ba ta san abin da ke cikin takardar ba.

Ina jiran wasiƙar ƙungiyarku, mai hatimi, zuwa azahar ɗin Alhamis, sha huɗu ga wata. Kada ka kira waya, na ga abin da wayarka ke haifarwa. In ba ta zo ba, ba zan yi faɗa da kowa ba. Dosiye bakwai ɗin nan zan gama su kafin ranar, don ba zan bari a rufe wa yara gida saboda ni ba. Hajiya Naja'atu mai gidan marayu na Illela ta aiko sau biyu, ba ta da mai karanta mata Faransanci, ta ce in zo a sa sunana a matsayin shugabar gidanta. Na ƙi sau biyu. Ita ƴar gida ce, ta san akwai na uku, kuma ta ce za ta aiko shi ranar Alhamis da azahar. Zan karɓa, a rubuta ni a horon da sunan gidanta kafin a rufe buron rajista. Ranar Juma'a in yi wa Husna kitso in ta yarda, in ba direban motar Yamai makullan gidan Baba ya kawo maka har wurin aikinka. Kai za ka taso ka miƙa wa Wasila su da hannunka, a gaban yara ashirin da shida, ka gaya musu inda Innarsu ta tafi.

Wassalam.

Yayarka, wadda ta goya ka,
Hawa'u