Saƙarki da Na Ce Tawa Ce

Zuwa ga Yayata abin alfaharina,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki da yara baki ɗaya. Yaya idon nan naki da yake yawan zubar da ruwa? Allah Ya sa kaffara ne, Ya ba ki sauƙi mai ɗorewa. Mu nan lafiya lau, sai godiyar Ubangiji. Baban yara yana nan yana fama da aiki, fita da sassafe, dawowa da yamma a gajiye. Ƙaramin ya fitar da haƙora huɗu, duk abin da hannunsa ya kai sai baki, jiya silifas ɗin babansa na ƙwace. 'Yarki Aku ta shiga aji biyar, kuma tun ranar da kika laƙaba mata sunan nan ba ta ba ki kunya ba. Hajiya surukata ma da sauƙi. Autarta, ƙanwar maigidan, ta sauka lafiya makon jiya, an samu mace, uwa da 'ya duk suna lafiya.

Na san za ki yi mamakin ganin takarda alhali shekaranjiya muka yi waya. Wallahi Yaya sau uku ina ɗauko maganar nan a wayar, sai ki sako wata hira, ni kuma in bi ki muna ta dariya har mu yi sallama. Ga shi ke ba ki iya kara waya a kunne ba, sai kin buɗe murya duk gidanku na saurare. Wannan kuwa ba maganar da zan so mijinki ya ji ba ce, don na san shi, sai ya shekara yana tsokanata da ita. Shi ya sa na yago takarda daga littafin Aku na zauna. Ki samu wuri ke kaɗai ki karanta, kuma kada ki yi dariya sai kin kai ƙarshe. In kin kai ɗin ma ban jin za ki yi.

Kin tuna jakar farko da kika aiko mini ta hannun direban nan, shekara biyu ke nan? Hulunan jarirai da 'yan safa da kika saƙa, da 'yan jakunkunan saka biro guda shida masu maɓalli. Kika ce in riƙa bayarwa kyauta, ga malaman makaranta, ga masu haihuwa, tunda ke zaman gida ya ishe ki kuma hannunki ba ya son zama haka. To a makon ne wata jikar Hajiya ta haihu, na ɗauki hula da safa na kai. Hajiya ta karɓa, ta juya ta duba ciki, ta ja zaren ta ga bai motsa ba, sai ta ɗaga kai a gaban mata ta ce ashe ta yi dace da suruka mai hannu ba ta sani ba. Ba ta ma tambaye ni ba, Yaya, ita ta yanke hukuncinta. Na buɗe baki zan ce aikin yayata ne. Amma shekara goma sha biyu ina cikin dangin nan, matar nan ba ta taɓa yaba ko shayin da na dafa ba. Sai na ji daɗin ya ratsa ni har ƙafa, na sunkuyar da kai na yi murmushi. Aku tana zaune a gefena tana kallona, ido ya yi mata wal-wal don murna.

Iyakar abin da na yi ke nan ranar, murmushi. Da na san inda zai kai ni da na haɗiye shi. Ƙarshen zangon karatu na ba Aku jakar biro shuɗiya ta kai wa malamar ajinsu, ta dawo tana tsalle, wai Malama ta ɗaga ta nuna wa 'yan aji, ita kuma ta miƙe ta ce mamanta ce ta saƙa. Daga nan duk wadda cikinta ya tsufa a dangi, Hajiya sai ta kira ni ta ce in fara shiri. Ni kuma in kira ki in ce maƙwabta ne suka gani suna so. Direba yakan iso da hantsi, lokacin Aku na makaranta, in karɓi jaka in cilla saman wardirof. Har ulu da kwarashi na sayo na ajiye a kan kujerar falo, in ɗan warware zaren don a ga kamar yanzu na tashi daga kai. Ɗan jan furen nan da kike sakawa a gefen kowace saƙa, Hajiya ta tambaye ni ma'anarsa, na ce alamata ce. Baban yara ya sani tun farko, ya ce shi babu ruwansa da sha'anin mata, amma duk ranar da asirina ya tonu a kira shi ya zo kallo.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne ranar da kika ce idonki na ruwa in kin daɗe kan saƙa. Kin san me na ce miki? Na ce ki nemi tabarau. Ban ce ki huta ba, don a lokacin akwai masu ciki biyu a dangi suna jira na. Duk sanda na tuna wannan sai in ji kunyar kaina ta kama ni, ko madubi ba na son dubawa.

Kada ki ce ban gwada koyo ba. Na gwada, Allah Ya gani. Mako uku ina zaune da waya ina kallon wata mata tana saƙa, in tsayar in mayar baya, in tsayar in mayar baya, yatsunta na gudu kamar ana korar su. Ni kuwa sarƙar farko ma sai ta ɗaure tamau kwarashi ya ƙi shiga, ko ta saki ta zama raga. Da ƙyar na haɗa hula ɗaya. Baban yara ya ɗaga ta sama ya tambaye ni ko ta jariri ce ko ta rufe butar shayi, na fizge na jefa a kwandon shara, na yi kwana biyu ban kula shi ba. Kin dai tuna yadda Umma, Allah Ya jiƙanta, ta zaunar da mu rana ɗaya ta ba mu zare. Ke kafin la'asar kin kama, ni kuma ta karɓe nawa ta ce in je in yi wanke-wanke, nan ma in yi hankali da kofuna. Hannun nan dai shi ne har yau, bai canza ba.

To yanzu ga inda aka kai. Da auta ta haihu, Hajiya ta ce tunda maijego na zaune ba ta komai, in riƙa zuwa kullum da kayan saƙata in yi wa jaririya shawul a gabanta, ita ma ta koya. Na ce wuyan hannuna na ciwo. Ta aiko mini da man zafi, kullum kuma sai ta kira ta tambayi hannu. Na sayo bandeji na naɗa, ni da lafiyata, ina yawo da shi cikin gida kamar wadda ta faɗo daga mota. Ina cikin wannan sai ga Aku da takarda daga makaranta. Wai sun ware awa ɗaya ranar Alhamis don aikin hannu, ana neman iyaye masu sana'a su zo su koya wa yara. Malama ba ta rufe baki ba Aku ta ɗaga hannu. An rubuta a allo cewa maman Aku za ta zo koyar da saƙar jakar biro, an ce yara talatin da takwas kowa ya zo da ulu da kwarashinsa. Akwai wata yarinya a ajin da take damun su da labarin motar babanta, Aku ta ce mata ta jira Alhamis ta ga abin da ba a saya a kanti.

Tun ranar ban ƙara jin daɗin abinci ba. Na juya abin ta kowace fuska, Yaya. In ce tafiya ta kama ni, ƙarya. In ce hannu ya kumbura, ƙarya. In ce ki aiko da talatin da takwas a raba musu, to wa zai riƙe kwarashi a gabansu? Duk ƙofar da na nufa sai in tarar da wata ƙaryar tsaye tana jira na. Malama tana bin layinmu in ta tashi aiki, da na hango ta ta taga sai in saki labule in koma kicin. Gidan nan mai ɗaki biyu da falo ya zame mini ƙunci, in na zauna a falo ga ulu a kan kujera, in na shiga ɗaki ga jakarki a saman wardirof. Aku kuwa kullum da safe sai ta ƙirga mini kwanakin da suka rage da yatsunta.

Jiya Talata na kasa jurewa. Aku ta dawo daga makaranta tana zaune bakin gado tana cire safa, na taka kujera na sauko da jakar na zazzage a gabanta, har da 'yar takardar da kike sakawa ciki da rubutunki. Na faɗa mata komai. Ta daɗe tana kallon kayan. Can ta tambaye ni ko har shuɗiyar nan ta Malama, na ce har ita. Ta tambayi ulun da ke kan kujera, na ce ajiye shi kawai nake yi. Na zaci za ta fashe da kuka, na ma shirya rungumar ta. Sai ta ce kada in damu, ita za ta gyara. Za ta ce wa Malama hannuna ya kumbura likita ya hana ni aiki, ni kuma in bar bandejin har a yi hutu, kafin a dawo kowa ya manta. Ba za ta faɗa wa Hajiya ba. Amma ta ce in tsayar da hannu ɗaya, don ta lura ranar Asabar a hagu na ɗaura, ranar Lahadi kuma a dama.

Yaya, yarinya 'yar shekara goma. Ta tsara maganar tiryan-tiryan, babu rawar murya, har da ɗan sunkuyar da kai irin nawa. Shekara biyu tana jira in koya mata saƙa ina ce mata sai ta ƙara girma, ashe akwai abin da nake koya mata kullum, kuma ta iya shi fiye da ni.

Na kwance bandejin na ce mata a'a, ranar Alhamis zan je da ƙafata in faɗa wa Malama da 'yan ajin ko hannun waye ya yi saƙar. Sai a lokacin ta yi kukan. Ta riƙe mini zane tana roƙona kada in je, ta ce ni in na gama magana gida zan dawo, ita ce za ta zauna cikinsu har ƙarshen shekara suna kiran ta maƙaryaciya. Kuma gaskiyarta ne. In na je na kunyata ta a gaban ƙawayenta kan laifin da ba nata ba, in na zauna na bar ta ta yi ƙarya saboda ni. Ko wanne na ɗauka ita zai fi yi wa ciwo. Na zaɓi zuwa, ba don na tabbata shi ne daidai ba, sai don ɗayan ba zan iya kallon sa ba. Zan fara ce musu Aku ba ta san komai ba, ni na yaudare ta. Maganar Hajiya kuwa ko tunaninta ban kai ga yi ba, wannan sai Allah.

Ke kuma ki yafe mini. Na ci guminki, na karɓi yabon da naki ne, na bar ki kina wahalar da ido ban ce ki tsaya ba. Don Allah kada ki sake ba direba komai, ki ajiye kwarashin nan ki je a duba miki idon da kyau. In za ki yi mini faɗa ki yi, na cancanta, amma ki shiga ɗaki ki rufe ƙofa tukuna.

Ki gaishe mini da maigidanki da kyau, da babban ɗana mai ƙwallo, da 'yan biyunki, ki ce musu ina kewarsu. Ki gai da Gwaggo mai shago in kin leƙa ta, da maƙwabciyarki ma'aikaciyar jinya da ta yi ɗawainiya da ni zuwana na ƙarshe. Baban yara yana gaishe ku, kuma tun jiya ya daina dariyar.

Yau Laraba. Kafin takardar nan ta iso hannunki an riga an yi an gama, don haka kada ki yi mini addu'ar Alhamis. Da safen nan ina gyara wa Aku wuyan riga na ce mata komai zai wuce, kuma ba ni da abin da nake so a duniya kamar ta. Ta ɗago ta dube ni, kallon mai auna ko wannan ma gaskiya ne, ta ɗauki jakarta ta fita. Addu'ar da nake so ki yi mini ita ce, nan gaba in na faɗa wa 'yata magana ta yarda.

Wassalam, taki ƙanwa,
Maman Aku