Fayafayan Mai Takalmin Ƙarfe

Sanyuanli, Guangzhou, ƙasar Sin.

Zuwa ga ƙanwata Hajiya Lauratu,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai tarin yawa daga wannan uwa duniya, tare da roƙon Allah ya sa takardar nan ta iske ki lafiya, ya sassauta miki ciwon gwiwar nan, ya raya zuri'a. Mu nan alhamdu lillahi. An cire mini yanar idon, har ina gane mutum daga nesa. Ɗana Zailani da matarsa Saudat suna ƙalau, shi kullum yana hanyar garin Shiling wajen sarin jakunkunansa. Abincinsu ne dai na kasa sabawa da shi, komai ruwa-ruwa kamar na mai jinya.

Ki yi haƙuri da rubutun, na yaƙi da jahilci ne, amma maganar ta fi ƙarfin waya. Kin san akwatin fayafayan garmaho na Baba, wanda ya samo a Ikko a hannun wani kukun jirgin ruwa zamanin yana aikin reluwe. Kina ƙarama, amma na san ba ki manta Mai Takalmin Ƙarfe ba, baƙin mutumin Amurkan nan da ake jin ƙafarsa tana dukan katako yana waƙa. Ba mu taɓa gane kalma ɗaya a bakinsa ba. Kukun ya gaya wa Baba cewa jikan bayi ne, kuma ba a barinsa ya hau dandali sai ya shafe fuska da gawayi, shi da aka haifa baƙi, don Turawa su yi dariya. Wai ta ƙofar baya yake shiga gidan da aka cika dominsa. Baba kan ce mu riƙe muryarsa amana, tunda ba a san danginsa ba, wataƙila ma mu ne.

Da zan taho na zaɓi wasu na naɗe a bargo, don Zailani ya ce akwai wani Basine a unguwar Liwan mai kwashe sautin tsoffin fayafayai ya zuba a waya. Na yi murna, na ce ko bayan raina a ji shi. Ranar da za mu je, ina banɗaki ina alwala, yaron nan ya kwance bargon. Wai ya ga sun yi dauɗa, kunya yake ji ya ajiye su a gaban loban, haka suke kiran mai kanti a nan. Sai ya ɗauko sifirit ɗin da suke goge tabon jaka da shi, ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Lauratu, tun muna yara ba a taɓa su sai da tsohon rawanin Baba, a bushe. Na fito na tarar tsumman ya yi baƙi ƙirin, fayafayan suna danƙo kamar kwalta a rana, shi kuwa yana murmushi yana jiran in sa masa albarka.

Duk da haka muka je. Basinen ya ɗora na farko, allura ta zame, ba ka jin komai sai shuu. Ya ɗora na biyu, haka. Ya girgiza kai yana ta cewa meyo, wato babu. Guda ɗaya ne ya tsira, wanda ya tsage a gefe, don na ware shi a jakar hannuna. Da aka sa shi ƙafar nan ta fara dukan katako, sai na ga zauren gidanmu, na ga Baba yana murɗa hannun garmaho. Ban san hawaye ya zubo ba sai da mutumin ya miƙo mini shayi.

A hanya Zailani ya ce kada in damu, babu waƙar da babu a intanet. Na ce ya nemo. Har wani ɗalibi mai suna Haidar ya kira, ya karanta sunan da ke jikin faifan, suka yi ta lalube. Ba su samu ko tari ɗaya na bawan Allah nan ba. Da ransa an shafa masa gawayi, bayan ransa jikan Baba ya shafe masa murya. Ɓarnar gida ta fi ta dawa ciwo.

To ga abin da ya sa na rubuto. Ashe loban ɗin ya nuna sha'awar sauran da ke gida, wai zai huda su ya jera a bangon gidan shayinsa don ado. Na ji Zailani da kunnena yana gaya wa abokinsa Ismaël a waya, mai haɗa masa kaya a Kano, ya je gida ya karɓi akwatin ya sako a jirgi. Ya ce tsoho ya rikice, tarkace ne ke cinye ɗaki. Tun ranar gaisuwa kawai ke haɗa mu.

Ki sa a mayar da akwatin ɗakinki, a jera su a tsaye, nesa da taga, kada ruwa ko turare ya taɓa su. In Ismaël ya zo ki ba shi ruwa ya sha, ki ce mai kayan bai mutu ba. Waɗanda suka narke ma da su zan dawo, ba zan bar su a bangon kowa ba. Na san ranar da aka kai ni makwancina, kafin sadakar bakwai sun iso Liwan. Amma ranar ba ta zo ba tukuna.

Ki gaishe mini da Malam Salihu, da Ummu Salma da yaranta, da Nana Khadija, ki ce tsarabarta tana nan. Saudat tana gaishe ki. Zailani ma ya ce in gaishe ki, na isar don saƙo amana ne.

Yayanki,
Alhaji Ghali