Zazzaɓin Rabi na Wata-Wata

Yaya Hajara,

Assalamu alaikum. Ya jiki, ya yara, ya zaman Fatakwal?

Kin san ni. Gonar shinkafa da injin casa, ba wanda ya kama mini. To, duk wata 'yarki Rabi da ke wurinmu sai ta fasa zuwa makaranta, a ce mini zazzaɓi ne. Na ce yaushe sauron garinmu Kura ya san kwanan wata? Ashe ciwon mara ne na al'ada, Inna tana ta ɗura mata ruwan kanwa, wai ba maganar maza ba ce. Na ɗauki Rabi a babur sai asibiti, suka duba ta suka ba ta magani. Jiya ta zauna jarrabawarta lafiya ƙalau.

A sa mu a addu'a, ki gaida maigidan. Ranar da Rabi ta zama likita, a rubuta sunana, Sani Mai Casa.