Rasuwar Swami Karunakar Giri da Amalanken Icen da Muka Mayar

Cikin alhinin da ya yi mana nauyi a zuciya, Ƙungiyar Hidimar Jama'a ta Betanali tana sanar da al'umma cewa ta samu labarin rasuwar jagoranta, Mai Girma Swami Karunakar Giri Maharaj, wanda ya cika da safiyar Talata yana da shekara tamanin da ɗaya.

Swamiji, kamar yadda muke kiransa, ɗan gidan manyan malaman haikali, ya ajiye sunan gidansu da gadonsa, ya yafa mayafi ruwan goro na masu gudun duniya, ya shafe shekara hamsin yana karantar da cewa Ubangijin da ke tare da malamin haikali Shi ne ke tare da majemi da mai shara. Ya ci a kwanonsu, ya koya wa 'ya'yansu littattafai masu tsarki. Ranar da ya shiga haikalin gari da majema goma sha biyu a bayansa, kwamitin haikalin, ƙarƙashin jagorancin Lokanath Panigrahi, ya sa aka wanke daɓe sau bakwai, wai majema sun ƙazantar da shi, ya kuma haramta masa tsallaka ƙofar har ƙarshen ransa.

Jiya wannan kwamiti, ba kunya ba tsoro, ya aiko mana da amalanke cike da icen sandal mai ƙamshi da man shanu, wai a ƙone gawar a maƙonar manya, su za su ɗauka, masu ɗaukar hoto na biye. Mun raina wannan karamci, mun kuma mayar da shi. Masu kiran kansu masu gadin addini sun manta cewa wanda ya rabu da duniya ya riga ya yi wa kansa jana'izar wuta ranar da ya yafa mayafin, don haka ba a ƙone shi, binne shi ake yi a zaune, a zuba gishiri. Tsohuwar mai shara, Ma Kuntala, wadda ko sunanta ba ta iya rubutawa, ita ta tuna wa ɗan aikensu: "Ranka ya daɗe, duk karatun nan naku, sau biyu ake yi wa mutum jana'izar wuta?"

Muna roƙon Ubangiji Ya ba ƙanwarsa, Shrimati Sulochana Devi, da ɗaukacin dangi da almajiransa ƙarfin zuciyar jure wannan babban rashi.

Gobe da hantsi majema za su ɗauki gawar a kafaɗunsu, kamar yadda ya yi wasiyya. Duk ɗan kwamitin da ke tsoron jikinsa ya gogi nasu ya yi zamansa a gida, babu wanda zai tambayi inda yake.

Sa hannu:
Banamali Jena
Kakakin Ƙungiyar Hidimar Jama'a ta Betanali