Sheƙa a Kan Murhun Mama

Tingambato, Michoacán

Zuwa ga ƙanena Nicanor,

Gaisuwa mai yawa da fatan wannan takarda ta same ka lafiya, kai da Amparo da yara. Ubangiji ya kiyaye ku, ya ba ka ƙarfin aikin gonar tuffa a wannan sanyi naku. Mu nan lafiya lau. Maigidana Fidencio yana nan yana fama da gwiwarsa, masara ta yi kyau bana, Gwaggo Otilia kuma bakinta na nan yadda ka san shi. Na ba maƙwabcinmu Crescencio takardar nan tare da cuku da burodi, tunda zai wuce ta garinku.

Ƙanena, akwai maganar da na kasa faɗa maka a waya. Ban manta da roƙonka ba. Ka ce tunda rashin takardun zama a ƙasar da kake ya hana ka zuwa jana'izar Mama, ranar cikarta shekara da rasuwa a dafa tamal, ƙullin masarar nan da ake naɗewa a ganye, da kunun masara a kan murhunta, a rumfar girkinta ta bayan gida, in riƙe maka waya ka ga hayaƙi na tashi. Na ce maka to. Yanzu ranar ta ƙarato, ga shi ba zan iya ba.

Tun da muka kai ta makwancinta ban hura wuta a rumfar nan ba. A cikin gida nake girki da gas. Abin da kawai nake yi shi ne ban ruwa ga jajayen furannin da ta shuka a tsofaffin gwangwanaye, waɗanda take cewa na baƙinta ne, 'yan tsuntsayen nan sha-fure masu tsayawa cak a iska. Suna nan suna zuwa, suna faɗa da juna kamar matan kasuwa. Makon jiya na shiga da tsintsiya in share toka in yaye yanar gizo, sai na ji fir a gefen kunnena. Da na ɗaga kai, sai ga sheƙar sha-fure a kan wayar ƙarfen da Mama ke rataya nama, daidai saman murhu. Ba ta fi rabin lemon tsami ba. Na taka kujera na leƙa, ƙwai biyu kamar ƙwayar wake. Rashin hayaƙi ne ya ba uwar wuri. In na hura wutar da za ta dafa abincin mutanen unguwa, kafin tukunya ta tafasa sun mutu.

Fidencio ya ce a kwance wayar a hankali a mayar gindin bishiya. Na ce masa ya taɓa ganin an ɗauke wa mace mai jego gida ta dawo ta gane? Gwaggo Otilia kuwa da ta ji, sai ta ce wai baƙin ciki ya taɓa mini kai, za a bar mataccen mutum ba abinci saboda tsuntsun da bai kai loma guda ba. Wai a zamaninsu da tuni an kama shi an shanya, an sayar wa 'yammatan da suka rasa manemi su yi maganin farin jini, har ni ma da na samu wanda ya fi Fidencio. A gabansa ta faɗa. Sai na ja hannunta, na riƙe mata kujera ta hau. Ta daɗe tana kallo. Da ta sauko sai ta ce wai duk halinmu ɗaya da uwarmu, taurin kai kamar jaki. Tun ranar ita ce ke zama a bakin rumfar da sanda, ko kyanwa ba ta isa ta gifta ba.

Ga abin da muka shirya. Za a yi addu'a a coci, a ja carbi a gida kamar yadda aka saba. Fidencio zai kafa duwatsu a tsakar gida, in dafa komai a tukwanen Mama da ludayinta. Ba wanda zai koma da yunwa. Amma na san ba wannan ka roƙa ba, kuma na san abu ɗaya tak ka roƙa. Ka yafe mini. In ranka ya ɓaci, ka kira ka faɗa mini, zan saurara, ba zan yi musu ba. Ni dai na kasa ƙara wata mutuwa a gidan nan da hannuna.

Ka gaishe mini da Amparo, da Yesenia, da ɗan autanka Ulises da bai san kakarsa ba sai a hoto. Fidencio da Gwaggo suna gaishe ku.

Nan da 'yan makonni 'ya'yan za su yi fiffike su tashi. Na riga na jera itace a murhun, kuma ba zan ƙyasta ashana ba sai ranar da kake hutu, kana kan waya, ka ce mini, Yaya, kunna.

Yayarka,
Herlinda