Na Yabi Fankar 'Yata Alhali Ban Gan Ta Ba

Malama, don Allah ki agaza mini da shawara, na ɗaure kaina da igiyar da na kasa kwancewa.

Shekara talatin da bakwai na yi ina gyaran fanka da naɗin koyil, wato wayar da ake naɗawa a cikin injinta. A hannuna autata ta fara sanin yadda inji ke juyawa. Yanzu ta zama injiniya, wai ita ma fanka take ƙerawa, amma irin wadda ba ta kai ƙwayar gero ba. Ta ce ba kusa, ba waya, da haske da ruwan sinadari ake sassaƙa ta a jikin faifan silikon, abin nan da ake yin ƙwaƙwalwar kwamfuta da shi, don ta riƙa sanyaya cikin ƙananan na'urori. Na daɗe ina tsokanarta cewa fankar da ko sauro ba za ta kora ba, ai sunanta tsiya.

Shekara uku tana fama, sai watan jiya abin ya juya. Ta zo da kanta ta kai ni wurin aikinsu. Aka sa mini farar riga har ƙafa, da safar hannu, aka rufe mini gemu da wani ƙyalle, wai kada gashi ɗaya ya faɗa ya danne injin. Ta kafa mini madubin ƙara girma, abokan aikinta sun kewaye ni.

Malama, ban ga komai ba sai hazo. Gaskiyar ita ce idona ya fi shekara yana dishi-dishi, ban gaya wa kowa ba, har mai ɗakina. Sai na gyara murya na yi ta zuba yabo, har na ce fikafikan nan uku sun zauna daidai. Ashe takwas ne.

Ba ta ce uffan ba, ta mayar da ni gida. Tun ranar sai gaisuwa kawai, ba ta ƙara tayar da zancen aikin ba. Ina tsoron ta ɗauka raini ne ya hana ni dubawa da kyau. In kuma na faɗi gaskiya, za su haɗa kai da uwarta su rufe mini shago. Yaya zan yi?

Tsohon mai naɗin koyil

Baba, sannu da ƙoƙari. Amma da za ka yi kintace, ai da ka tsaya a masha Allah, wa ya aike ka ƙirga?

Na fahimci tsoronka. Mutumin da ya ci abinci da idonsa shekara talatin da bakwai ba ya son a ce masa zauna. Sai dai ka duba ta ɓangarenta. Yarinyar da sana'arta ita ce lura da abin da bai kai kaurin gashi ba, kana zaton ba ta ga mahaifinta yana laluben kofin shayi ba? Ina kyautata zaton ta gane tun a ɗakin, ta yi shiru ne don ta rufa maka asiri a gaban mutane. In kuwa raini ta ɗauka, to tsokanarka ce ta share wa wannan zato hanya, kuma kai kaɗai za ka iya goge shi.

Ka fara da mai ɗakinka, wadda na tabbata ta riga kowa sani. Sannan ka kira auta, ka ce ban ga fankarki ba, kuma ina so in gani. Ka bar ta ta raka ka wurin likitan ido a makon nan. Sau da yawa irin wannan dishin yana da magani in an je da wuri. Batun shago kuwa, ɓoye ciwon ne zai rufe shi, ba faɗarsa ba. Kafin nan ka ɗan ja baya da taɓa wuta.

Ba ƙirga ta kai ka yi ba, Baba, albarka ta je nema. Ka sa mata da bakinka, ko ido bai warke ba tukuna. Allah ya ba ka lafiya, ya yi wa auta jagora.